Jawabi Bisa Sulhu Tsakanin Miji da Mata, Wanda Anka Yi a Masama

Da sunan Allah muke farawa. Godiya ta tabbata gare Shi, tsira da aminci ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku saurara.

Ku sani sulhu tsakanin miji da mata ilmi ne, yana da sharuɗɗa kamar yadda alwala take da su. Amma ga abin da munka saba. Mace ta yi yaji, dattawa biyu su bi ta gidan ubanta bayan lisha, su ce ki yi haƙuri, su maishe ta ɗakinta. Babu mai tambayar abin da ya fisshe ta. Wata biyu, sai takardar saki. Wanga rufe gyambo ne da zane.

Allah Ya yi umurni cikin Suratun Nisa'i, aya ta 35, in an ji tsoron ɓaraka a tada mai hukunci ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Malamanmu na Malikiyya sun gindaya musu sharaɗi, kamar yadda yake cikin Muhtasar na Shehu Halilu: su zamo maza, baligai, adilai, masana fiƙihun wanga babi. Furfura kaɗai ba ta isa ba. Tun gabanin haka ma, in ƙara ta yawaita babu shaida, alƙali yana zaunar da ma'auratan tsakanin mutanen kirki, don a gane mai cutar wani.

Farkon aikinsu neman gyara. In ya gagara, su duba daga ina ɓarna take. In miji ne mai cutarwa, su raba auren, matar ba ta mayar da ko anini. In ita ce, ko su bar ta hannunsa bisa amana, ko su yi hul'i da abin da sunka ga ya dace. Sakinsu ɗaya ne, babu kome cikinsa sai da sabon ɗaurin aure, kuma yana zartuwa ko miji bai yarda ba. Ku lura da wagga magana ta ƙarshe. Mijin da ya san masu sulhu na da ikon rabawa, yakan sassauta murya. Wanda ya san biko kaɗai sunka zo yi, me zai sa ya gyara hali?

Waɗansu ƙasashe sun maishe shi aiki na musamman. A Masar, cikin 2004, anka kafa kotunan iyali da ofisoshin sasantawa, mafi yawan ƙarar aure sai ta bi ta can kafin ta isa ga alƙali. Kano ta kafa hukumar Hisba cikin 2003, rigimar aure na cikin manyan ayyukanta. Mu nan Kabi an ƙaddamar da shari'a tun 2000. Ga kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo nan Gwandu, wanda ya rasu 1829, mai littafin Liya'ul Hukkami. Abin kunya ne ƙasarsa ta rasa masu wanga aiki.

Inda anka fi zalunci shi ne bayan rabuwa. Ciyarwar idda ga saki mai kome tana kan miji. Kayan ɗaki nata ne. Renon yara ga mazhabarmu haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji, uba kuwa yana ciyarwa. In uwa ta yi wani aure, uwarta ke biye. Ina wanga da abin da muke gani, a yaye yaro yau, gobe a miƙa shi ga kishiyar uwa?

Don haka muna roƙo, kowane masallacin Juma'a ya ware mutum biyu ko uku ga wanga aiki. Su ji kowa shi kaɗai, matar ta yi magana da bakinta, ba ta bakin waliyyi ba. Abin da sunka ji kada ya kai kasuwa. Abin da anka daidaita a rubuta shi gaban shaidu biyu, a kai wa alƙali. Ladansu ya fito daga asusun jama'a, kada su karɓi ko goro daga ɗayan biyun. Almajiran da sunka sauke Risala kuwa, su koma babin aure da saki da hul'i, su riƙa zama bayan malam ranar sulhu in masu abin sun yarda.

Wassalamu.