Yawon Kallon Manyan Dabbobin Teku: Darasi Daga Gaɓar Kalifoniya



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu dubi wata sana'a ta mutanen gaɓar teku, watau kai baƙi cikin jirgin ruwa su kalli dabbar nan da Turawa ke kira wel, Larabawa kuwa hut, sunan da almajirai suka sani a ƙissar Annabi Yunusa. Ko da yake siffarta ta kifi ce, ba kifi ba ce, domin iska take shaƙa, haihuwa take yi, kuma tana shayar da ɗanta nono.

Zan ɗauki misali da nau'in nan mai ruwan toka na yammacin Amurka, wanda tsawonsa kan kai mita 14. Da bazararsu yakan yi kiwo a tekunan arewa kusa da Alaska, da hunturu kuma ya gangaro gaɓar Meziko ya haihu. Tafiya da dawowa ta haura kilomita 15,000. A ƙarni na 19 mafarauta suka gano wuraren haihuwar, suka yi ta kisa saboda mai, har irin ya kusa ƙarewa.

Daga baya al'amari ya juya. A 1946 aka kafa hukumar duniya mai tsara farautar wel. A 1950 aka buɗe wa jama'a wurin kallo a San Diyego, a 1955 kuma aka fara ɗaukar 'yan kallo a jirgi, dala ɗaya kowane mutum. A 1972 Meziko ta keɓe wurin haihuwarsu, a 1994 kuwa Amurka ta cire nau'in daga jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Ta haka masunta suka gane cewa wadda aka kashe sau ɗaya ake cin ribarta, mai rai kuwa kowace shekara tana jawo baƙi.

To, amma ginshiƙin sana'ar shi ne jagora. Shi ke nuna wa baƙo feshin numfashin dabbar tun daga nesa, ya bayyana yadda take zuƙo laka daga ƙarƙashin ruwa ta tace ƙananan halittu ta ci, ya kuma gabatar da maƙwabtanta, irin su kwasakwasa. Shi ne kuma mai tsare doka. Waɗannan dabbobi da sauti suke sadarwa, saboda haka ƙarar inji tana damunsu, kuma jirgin da ya shiga tsakanin uwa da ɗa ya yi ɓarna. Shi ya sa hukumomin Amurka suka shawarci jirage su tsaya nesa da yadi 100, Meziko kuma ta ƙayyade yawan jiragen da ke shiga wuraren haihuwa.

Kada a ɗauka an gama aiki. A 2016 an ƙiyasta yawansu ya kai 27,000, amma a 2025 ya sauko zuwa kimanin 13,000. Masana sun danganta wannan da ƙarancin abinci a tekunan arewa, sakamakon sauyin yanayi.

Batun bai yi mana nisa ba, domin wani nau'in, mai doro, yakan ziyarci gaɓar Binin da Gabon kowace shekara don haihuwa. Ku ma'aikata, a hannunku tsara doka da tsare ta suke. Ku ɗalibai, naku shi ne ƙidaya da bincike. In babu waɗannan biyu, ɗan kallo zai iya korar abin da ya tsira daga hannun mafarauci.