Jawabin Tawagarmu da Ta Je Siri Lanka, a Taron Cikar Ƙungiya Shekara 15

 

Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba, iyayenmu da ke zaune a gaba, yayye da ƙanne, barkanmu da ganin wannan rana. Waɗanda aka fara zubin farko da su ba su kawo yau ba, Allah Ya jiƙansu, Ya kyautata namu zuwan.

Mu huɗu kuka tura, amma an ce mu yi magana da baki ɗaya don kada tuwo ya huce. Kuɗin jirgi waɗanda suka gayyace mu ne suka biya, guzuri kuwa daga asusunku ya fito. Saboda haka haƙƙinku ne ku ji abin da muka gano, har da inda muka yi abin kunya. Muna kuma gode wa iyayen gidanmu da suka ba mu izini, da waɗanda suka riƙe mana yara mako biyu.

Siri Lanka tsibiri ce a ƙasan Indiya, teku ya kewaye ta. Faɗinta bai kai na Jihar Neja ba, amma mutanenta sun kai miliyan 22. Yawancinsu mabiya addinin Buda ne, Musulmi kamar mutum ɗaya cikin goma. Larabawan da Sarandib suke ce mata, Turawa suka kira ta Silon, sai a 1972 ta koma sunan da take amsawa yau. Suna gabanmu da awa huɗu da rabi, shi ya sa wasunku suka riƙa kiranmu bayan isha'i muna amsawa da muryar barci.

Kolambo, inda muka sauka, zafi da gumi ne kamar Legas, ba abin da za mu ƙaras da ku a kansa. Tafiyar ta fara ne da muka shiga jirgin ƙasa ya kama hawan dutse. Daga Kandi zuwa Haputale mun yi kusan awa shida, jirgi na nishi, ya shiga ramin da aka fasa cikin dutse ya fito, ya sake shiga wani. Kowane gefe ka duba ganye ne kore shar, an shuka shi layi-layi tun daga kwari har ƙolin tsauni, tsayinsa iya ƙugu. Muka tambaya, aka ce shayi ke nan. Jama'a, shekara nawa muna shan abin nan, ashe ba mu taɓa ganin uwarsa ba, duk da akwai shi a Mambila.

Haputale tana sama da teku da mita 1,400 da 'yan kai. Gajimare a ƙasanka kake hango shi, in ya ga dama ya taso ya shigo gari ya jiƙa maka mayafi. Wadda ta san sanyin Jos ta ƙara masa lema. Kusa da garin akwai masana'antar shayi ta Dambatenne, wadda wani Bature ɗan Sikotilan, Thomas Lipton, ya gina a 1890. E, shi ne dai mai sunan da muke kira kullum a teburin mai shayi. Ashe sunan mutum ne.

Ba a otal aka sauke mu ba. Daga tasha a-daidaita-sahu muka shiga, irin tamu sak, ta yi ta kewaya da mu a gefen dutse muna salati, har inda hanya ta ƙare. Sauran da ƙafa, kan matakalan dutse masu santsi. A nan matsattsaku suka yi mana maraba tun kafin masu gida, suna manne wa ƙafa ba ka ji ba sai ka ga jini. Gidan na wata bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da 'yar gonar shayi. Ta gina ɗakuna biyu a gefe da rancen ƙungiyarsu, tana saukar matafiya. Kowa a gidan Amma yake ce mata, wato uwa a yarensu na Sinhala. Mu ma muka kama, sai dai duk sanda muka ce Amma sai mu tsaya kamar akwai sauran magana.

Kuskurenmu na farko tun a daren ne. Yarinyar gidan ta kawo ruwa kofi ɗaya a kan faranti, ta riƙe da hannu biyu ta nufi Ma'aji. Ku kun san mu, baƙo ruwa ake fara ba shi, ya sha sannan a gaisa. Ma'aji ta yi bismillah ta shanye tas. Yarinya ta tsaya da kofi wayam, ta dubi uwarta, gida ya ɗauki dariya. Budurwar da ke yi mana tafinta ta ce ai wannan ruwan ba na sha ba ne, gayyatar cin abinci ce. Taɓa kofin kawai ake yi, a wuce da shi wajen na gaba, alamar ka amsa kira. Aka sake cikowa, muka taɓa.

Abincinsu shinkafa ce da miya kala huɗu ko biyar, kowacce 'yar kaɗan, kuma da hannu suke ci kamar mu. Kusan komai da kwakwa. Suna da zogale, amma 'ya'yansa dogayen nan suka fi dafawa, waɗanda mu muke bari su bushe a bishiya. Da safe akwai wani abu da ake toyawa da ƙullun shinkafa da ruwan kwakwa, ɗan'uwan sinasir ne sai dai gefensa ƙaras-ƙaras. Shayi kuwa baƙi suke sha, ba sukari a ciki, sai a ba ka gutsuren wani abu ja ka riƙa gatsa kana kurɓa. Mun ɗauka mazarƙwaila ce. Ɗanɗanon ya yi kusa, amma tasu ba daga rake ba ce, daga ruwan furen wata bishiya dangin giginya ce da suke kira kitul.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne maganar salla. Matar nan ba Musulma ba ce, akwai gunkin Buda a ɗakinta da 'yar fitila a gabansa. Amma tun kafin mu iso ta aika cikin gari wajen wani mai shago Musulmi, ya zo ya nuna mata alƙibla, ta sa aka zana kibiya da alli a ƙasan ɗakinmu. Da asuba muka tashi za mu fuskanci gabas kamar yadda muka saba, sai muka ga kibiya ta nuna yamma. A can Makka tana wajen faɗuwar rana, ta ɗan karkata arewa. Kwana biyar da muka yi nama bai shiga tukunyarta ba, don ba ta son mu shiga kokwanto, kuma ruwan alwala da ɗuminsa muke samunsa a bakin ƙofa tun duhu bai yaye ba. Ba mu roƙa ba.

To ga inda maganar ta shafe ku.

Rana ta biyu, da aka nuna mana farashin ɗaki a rubuce jikin bango, Hajiyarmu ta kasuwa ta ce a tambaye ta ko za ta yi ragi, tunda mu huɗu ne kuma kwana biyar. Abin da kowace 'yar kasuwa za ta yi ke nan. Amma ta yi murmushi ta ɗauko littafi. Ta ce farashin ba ita ta yanka ba, mata bakwai ne masu irin wannan masauki a ƙauyen suka zauna suka yanka, don kada wata ta karya wata. Kowane baƙo ana rubuta shi, kason rance a fitar, kason asusu a fitar, saura nata. In ta rage mana, daga aljihun sauran ta rage. Muka yi shiru, muka biya.

Daren rana ta huɗu sanyi ya kama Sakatariya, zazzaɓi da tari, jiki na rawa. Matar nan ba ta runtsa ba. Ta dafa mata citta da wani iri da suke jiƙawa don mura, ta ɗauko bargon gadonta ta lulluɓa mata, ta zauna tana matsa mata ƙafa har asuba. Da gari ya waye ta tura ɗanta ya sauka dutsen nan da ƙafa ya sayo magani. Ranar tafiya muka haɗa kuɗi a ambulan muka miƙa mata, muka ce na wahalar daren nan ne. Wallahi fuskarta sai ta canza. Ta mayar da hannu baya kamar mun miƙo mata garwashi. Tafinta ta ce mana a hankali: ɗaki da abinci ta sayar muku, kun biya. Wancan kuwa ba na sayarwa ba ne, ku mayar.

Kun ga, sau biyu muka yi kuskure, kuma kowanne ta bayansa. Inda ya kamata mu biya ba musu, mun nemi ragi. Inda bai kamata kuɗi ya shiga ba, mun zaro kuɗi. Ita kuwa ta san iyakar kowanne sarai. Da muka ga haka Sakatariya ta cire mayafinta sabo ta yafa mata, wannan ta karɓa har da hawaye.

Ba ita kaɗai ba ce, tsohuwar ɗabi'arsu ce. A tsofaffin hanyoyi an nuna mana rumfuna da suke kira ambalama, waɗanda mutanen da suka gina don matafiyi ya huta ko ya kwana kyauta, wasu da tukunyar ruwa a gefe, kamar randar da kakanninmu ke ajiyewa a ƙofar zaure. Adashi ma suna yi, sittu suke ce masa. Ƙungiyoyin ajiya da rance sun fi shekara 100 a ƙasar, kuma wanda ake kira SANASA, da aka farfaɗo da shi a 1978, ya shiga ƙauyuka da yawa.

Kada mu zana muku aljanna. Matan da ke tsinkar ganyen a manyan gonaki yawancinsu Tamil ne, jikokin waɗanda Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya. Bayan samun mulkin kai a 1948 aka hana su zama 'yan ƙasa, ba a gama warware maganar ba sai 2003. Suna tsinka da buhu a baya, igiyarsa a goshi, ganye biyu da toho ɗaya, kilo 18 ko fiye a yini, cikin ruwa da matsattsaku. A 2021 ne ladan yini ya kai rufi 1,000, kuma sai da aka sha gwagwarmaya. Gidajensu dogon gini ne an yanka shi ɗaki-ɗaki, iyali guda a ɗaki guda. Ɗaya daga cikinsu ta ja mu ɗakinta ta ba mu shayi a kofin silba, ta tsaya a tsaye don kujerun ba su isa ba. Tun daga ranar in muka jefa ganye a ruwan zafi sai mun tuna ta.

Masaukin ma ba kullum yake kawo riba ba. Harin bama-bamai na 2019 ya kori baƙi, korona ta biyo baya, sannan a 2022 tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, mai ya yi wuya, mutane na kwana a layi. Amma ta ce ɗakunan nan sun daɗe a rufe, bashi kuwa bai rufe ba. Abin da ya cece ta gonar shayinta ce, da kuma 'yan ƙungiya da suka ɗaga mata ƙafa kan lokacin biya.

Yanzu ga ɗakuna biyun nan na bayan gidan ƙungiya, da muke zuba buhunan gyaɗa a ciki. Shekara biyu ke nan ana ja-in-ja a kansu. Kullum muna ganin mata 'yan'uwanmu daga ƙauye, masu jinya, suna kwana a barandar asibiti kan kwali, da fatake mata da dare ya yi musu a tasha. Wasu sun ce a mai da ɗakunan masauki a riƙa biya. Iyayenmu sun ce subhanallahi, baƙonka annabinka, yaushe aka fara karɓar kuɗin kwana a hannun mace mai jinya? Da wannan tunanin mu ma muka tafi, ba ma raina shi.

Mu uku daga cikinmu mun dawo da ra'ayin a buɗe. A yanka farashi kaɗan, a rubuta a bango, ba ragi ba ƙari, ko ƙanwar Shugaba ce ta zo. Kuɗin ya tafi ga wuta da ruwa da sabulu da ladan mai shara, don masaukin kyauta wanda ba mai kula da shi wata shida ya isa ya zama kango, kuma duk mun san inda aka yi haka. Wadda ba ta da shi, asusun taimako ya biya mata a rubuce, kada a ce an yafe a baki. Ruwan zafi, kunun safe, rakiya zuwa asibiti da zama da mara lafiya, waɗannan ba za a sa musu kuɗi ba, kuma ba za a karɓi goro a kansu ba. Sannan kada mu ci bashi ko na sisi don gyaran, mu yi da abin da ke hannu, ɗaki ɗaya tukuna.

Ta huɗunmu, Ma'aji, ba ta yarda ba, kuma ta ce a faɗa a gabanku. Tana ganin matan can baƙinsu masu yawon buɗe ido ne da kuɗi a aljihu, namu kuwa masu neman kuɗin allura ne, kuma da zarar an rubuta farashi a bango wata za ta karanta ta juya ta koma baranda ba tare da ta tambaya ba. Ba mu da amsar da ta gamsar da ita. Za ta yi nata bayani bayan la'asar, kafin a ɗaga hannu.

Shayin da za a zagaya da shi yanzu daga gonar Amma ya fito, ita ta ƙulla mana shi a jarida, ta ce a kai wa matan da suka turo mu. Ba yawa, kowa rabin kofi. An yanka mazarƙwaila a faranti, don Allah kada a jefa ta ciki, a gatsa a kurɓa.