Daga ina "boyi-boyi" ta zo?

 

A kasuwar kan iyaka na ji wata hajiya tana cewa dillaliya ta samo mata "boyi-boyi" daga ƙauye, mai shara da wanke-wanke. Yarinya take nufi, mace. To ku tsaya mu duba kalmar nan.

Ba Hausa ba ce. Daga Turancin Ingila ta fito, boy, wato yaro namiji. Abin mamaki, wajen shekara 700 da suka wuce, a Ingila ɗin ma bara ake nufi da ita, daga baya ta koma sunan kowane yaro. Da Turawa suka zo mulkin mallaka sai suka maido mata da tsohon aikinta. Mai shara, mai wanki, mai ɗebo ruwa, duk boy ne, ko da ya yi furfura, ko da yana da jikoki. Faransawa suka ara, shi ya sa za ku ji ta a Maraɗi kamar yadda za ku ji ta a Katsina ko Garwa. A Kongo har ta mace suka ƙera, boyesse. Wani ɗan Kamaru, Ferdinand Oyono, ya rubuta littafi a 1956, Une vie de boy, kan yaron da ke aiki gidan kumandan. Ƙarshensa bai yi kyau ba.

Mu ma muna da namu tun kafin Bature. Baranya ita ce macen bara. Kuyanga kuwa baiwa ce, sayenta ake yi, ba a biyan ta ko dala. Wannan ita na fi ƙi in ji an kira 'yar mutane da ita, ko da wasa ne.

Ni a ganina abin da ya haɗa boyi da kuyanga shi ne dukansu suna shafe sunan mutum. Kun san makiyayi ba ya rasa sunan saniyarsa, ko tana cikin ɗari.

Rani ya shigo, dillalai sun fara zagaya rugage da ƙauyuka neman 'yan aikatau. Kafin ka ba da 'yarka, Baffa, tambayi unguwar da za a kai ta da lambar wayar uwar gidan. Jikka nawa ne a wata, kuma hannun wa kuɗin ke shiga? Idan dillaliya ta ce ita za ta riƙa karɓa ta ajiye muku, ka ce a'a. In kun yi waya, ka ce a ba ka ita da sunanta, ka ji ko mutanen gidan sun san shi.