Ɗaurin Katako a Jikin Kankare: Abin da Ke Riƙe da Rufin Gida



Kowace shekara idan damina ta kawo kai, iskar hadarin farko takan yaye rufin gidaje da makarantu a garuruwanmu. Wanda ya je ya duba zai tarar bango na tsaye, kwano kuma yana nan manne da katakonsa a can gefe guda. Ashe inda aka rabu shi ne mahaɗar katako da kankare. A kan wannan mahaɗa nake so in yi magana yau.

Maginan Hausa na dā ba su san wannan matsala ba. Sukan jera azara, wadda ake tsagowa daga giginya, su lulluɓe ta da ƙasa mai kauri, nauyin ƙasar ya danne ta. Ko Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ƙasa da azara ne suka riƙe shi. Da kwano ya shigo sai al'amari ya juya. Rufin kwano ba shi da nauyi, kuma iska idan ta bi ta kansa da ƙarfi tsotso shi take yi sama. Saboda haka tilas a ɗaure shi ƙasa.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a zuba ɗamarar kankare mai rodi a saman bango, ta zagaye gidan duka. Tun kankaren yana ɗanye sai a dasa ƙarafa masu zare, ƙasansu a lanƙwashe, kansu a waje. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ƙa'idar gine-ginen gidaje ta Amurka, kaurin ƙarfen ba ya kasa rabin inci, yana nutsewa inci 7 cikin kankare, tazarar da ke tsakanin biyu ba ta wuce ƙafa 6, kuma akan sa ɗaya cikin inci 12 daga ƙarshen kowane katako. Sai a huda katakon da zai kwanta a kan bango, a zura shi, a sa washa, a ɗaure da noti. Inda aka yi amfani da langalanga ko siririn rodi, a tabbata ya shiga cikin kankare sosai, ya kuma naɗe katakon da ke ɗauke da rufin. Kada a ɗora nauyi da gaggawa, domin kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka auna masa.

Abu na biyu shi ne damshi. Kankare yana jan ruwa, katakon da ya zauna a kansa kai tsaye yakan ruɓe, gara ta samu ƙofa. Maganinsa a shimfiɗa takardar kwalta ko leda mai kauri a tsakani, a kuma shafe katakon da maganin gara.

Abin da ya kamata a guje wa shi ne buga ƙusa cikin bulo. Bulo rami gare shi, ƙusa ba ta samun abin kamawa. Amurkawa sun koyi darajar ɗauri da tsada a shekarar 1992, lokacin da guguwar Andrew ta rusa dubban gidaje a jihar Fulorida, abin da ya sa suka tsananta ƙa'idojinsu.

Ku ma'aikata da ke sa hannu a takardun kwangilar azuzuwa da asibitoci, ku je wurin aiki ranar zuba kankare, ku ƙirga ƙarafan da idonku. Bayan an yi silin babu mai sake ganinsu, kuma 'ya'yanmu ne za su zauna a ƙarƙashin rufin nan.