Kazar da ta warke: yaushe za ta koma cikin 'yan'uwanta?

  

Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci aka ce mu tsayar da magana ɗaya mu kawo wa taro. Yawancinmu 'yan kasuwa ne, masu kayan miya, masu awo, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da muka zauna sai muka ga babu gidan da babu kaza a cikinmu, kuma kaza ita ce asusun mace. Ita ce kuɗin littafin yaro, ita ce zubin adashi ranar da kasuwa ta yi sanyi, ita ake yanka wa mai jego. Shi ya sa muka zaɓi wani ɗan abu da kowa ke yi amma ba a cika tsayawa a kansa ba: kaza ta yi ciwo, an ware ta, ta warke, to yaushe ake mayar da ita cikin sauran, kuma ta yaya?

Abin da aka saba shi ne, ranar da ta miƙe ta fara tsattsagar tsaki, ranar ake ɗage akurki a ce Alhamdulillahi. Mu dai a ganinmu wannan gaggawa ce, kuma gaggawar tana iya cinye garke duka, har da na maƙwabta. Kafin a ɗage akurkin nan akwai tambaya da ya kamata mace ta yi wa kanta: wane irin ciwo ne ta yi? Domin ciwon kaza ba ɗaya ba ne.

Idan rauni ne, kare ya cije ta, ko babur ya buge ta, ko zare ya ɗaure mata ƙafa, wannan ba ya yaɗuwa. Abin jira kawai shi ne ciwon ya bushe, gashi ya fara rufe wurin. Kaji idan suka ga jan nama ko ɗigon jini, sara za su yi ta yi, ba sa dainawa, suna iya kashe ta a yini ɗaya.

Amma akwai wanda ya fi ba mu tsoro, wanda ke shigowa da hunturu ya share unguwa. Kaza ta yi lakwas, fukafukai a ƙasa, kashi kore, tana buɗe baki tana neman numfashi, wata wuyanta ya murɗe tana ta juyawa wuri ɗaya. Likitocin dabbobi suna ce masa Niyukasal. Ba shi da magani. Barkono da tafarnuwa da jan kafso da ake zubawa a ruwa ba sa kashe shi; wadda ta tashi, ƙarfin jikinta ne da ikon Allah. Kuma bayan ta tashi tana ci gaba da fitar da ƙwayar cutar a kashinta da majinarta na wasu kwanaki. Don haka a bar ta a keɓe, a ƙirga daga ranar da alamun suka ɗauke, kada a ƙirga daga ranar da ta kwanta. Mako 2 shi ne mafi ƙaranci, wadda ta iya kaiwa mako 4 ta fi kwanciyar hankali. Wata wuyanta ba zai miƙe ba har abada, amma idan tana ci tana sha da kanta, wannan tabo ne ciwon ya bari.

Akwai kuma na mura, wanda fuska ke kumbura, ido ya manne da ruwa, hanci na zuba, har da wari. Wannan shi ne mayaudari. Magani yana kwantar da shi, kaza ta yi ƙiba, ta koma ƙwai, amma ƙwayar cutar tana nan a jikinta, wata har ƙarshen rayuwarta. Ta shiga garke lafiya lau, bayan kwanaki sai ƙananan su fara atishawa, mai gida ta ce maita ce ko iska. Irin wannan kazar, gaskiyar magana, komawarta garke asara ce. A jira kwanakin magani su fita daga jikinta, a yanka ta a ci a gida. Mun san da wuya, musamman idan uwa ce mai kwanci da kyau, amma Hausawa sun riga sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

A nan ne karatunmu ya yi mana rana. A jikin takardar maganin kaji ana rubuta kwana nawa za a jira bayan an gama ba su kafin a ci nama ko ƙwai. Wasu magungunan ma an hana ba kaza mai yin ƙwai. Da can sai dai mu dubi launin takarda. Yanzu muna iya karanta lamba, inda Turanci ya fi ƙarfinmu mu kira ɗan makaranta, ko mu tsare mai shagon ya karanta mana kafin mu biya. Ƙwan da ke ɗauke da magani yaranmu ne ke ci.

Abu ɗaya ba a jinyarsa ko kaɗan. Idan kaji suka fara faɗuwa da yawa a dare ɗaya, zanko ya yi baƙi-baƙi, kai ya kumbura, kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa. A sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Murar tsuntsaye ta fara ɓulla a ƙasar nan a Jihar Kaduna a 2006, kuma a 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ba wasa ba ce.

To, a ce kwanaki sun cika, kaza tana ci, idan aka taɓa ƙasan wuyanta da yamma an ji abinci ya taru, da safe an ji ya sauka, kashinta ya daidaita, ido garau, an duba ƙarƙashin fiffike babu ƙwarƙwata. Saura rigima ta biyu, wato 'yan'uwanta. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta kauce wa a wurin cin abinci. Wadda ta yi makonni ba ta nan, an riga an raba gadonta. In ta dawo baƙuwa ce, ga shi ba ta gama maida jiki ba. Wadda a da take gudunta, yau ita ce za ta fara kai mata sara. Mu da ke zaune da kishiyoyi ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Dabarar ita ce su riƙa ganinta ba tare da sun iya taɓa ta ba. A kifa mata akurki ko babban kwando mai ramuka a tsakar gida, a inuwa, da ruwanta da tsakinta a ciki, sauran suna kewaya ta. A watsa musu dusa kusa da kwandon don su saba ci tare. Kwana 3 zuwa mako ɗaya ya isa. Daga nan a fara sakinta da la'asar, lokacin da kowa ya ƙoshi, mace na zaune tana tsintar shinkafa tana kallo. Ranar da za ta kwana da su, a bari sai duhu ya yi, sun natsu, a ɗauke ta a hankali a sa ta a tsakaninsu, a kuma riga su tashi da asuba a buɗe musu, domin a cikin ɗaki a rufe ne ake yi mata taron dangi. A ajiye kaskon ruwa biyu, wurin ci biyu, nesa da juna, don babbar ba za ta iya tsare duka ba. A jingina wani tsohon faifai ko kwano a bango inda za ta ɓuya.

Sara ɗaya biyu da kora, wannan gaisuwa ce, a ƙyale su. Amma idan an ga jini, ko an hana ta ci ta koma lungu ta takure, a mayar da ita kwando a sake jira. Idan kaza ɗaya ce fitinanniyar, ita za a kife kwana biyu, ta fito ta tarar girman kanta ya ragu. A kula da zakara ma, yana iya hawan mai rauni ya buɗe mata ciwon baya. In kuwa zakara ne ya warke zai koma inda wani zakaran ya riga ya karɓe gida, faɗan ba ya ƙarewa da wuri, gara a sayar da ɗaya.

Duk tsawon jinyar nan, a fara ba masu lafiya abinci, mara lafiya ce ta ƙarshe, sannan a wanke hannu da sabulu. Kaskonta daban. Kada ta kwana ɗakin yara don tausayin sanyi. Inda ta zauna a share, a ƙone sharar ko a binne, a wanke akurkin a shanya shi a rana.

Yanzu ga inda maganar ta shafi ƙungiya. Kajinmu ba su san katanga ba. Ta rariya suke fita, a bola ɗaya suke tono da na maƙwabta, da agwagi da zabi, kuma agwagwa tana iya ɗaukar cutar hunturun nan ba ta nuna komai ba. Wadda ta saki kazarta da wuri, kajin 'yar'uwarta ta saka a haɗari, wataƙila ma wadda suke zubi ɗaya. Haka nan mu 'yan kasuwa mun san abin da ake yi: kaza ta fara rufe ido, a ruga da ita kasuwa kafin ta faɗi. Wadda ta saya da arha ta kai gida, ta sayi mutuwar garkenta. Muna roƙo wannan ya fita daga cikinmu. Sabuwar kazar da aka sayo, ko aka kawo kyauta daga ƙauye, ita ma kwando za ta fara shiga kamar mai jinya.

Roƙonmu ga shugabanni shi ne rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin Niyukasal, har da irin wanda ya fi jure zafi, wanda ake ɗigawa ɗigo ɗaya a ido. Ana maimaita shi duk bayan wata 3 zuwa 4, kuma masu lafiya ake yi wa, ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma idan an haɗa ta ba ta jiran gobe da jibi. Idan ma'aji ta ware wani abu daga asusu, aka nemo ma'aikacin dabbobi, aka sa rana ɗaya kafin sanyi ya shigo, kowace ta kulle kajinta tun dare, mu 'yan aji mun ɗauki nauyin bin gida-gida da littafi, mu rubuta sunan kowa da yawan kajinta da ranar da za a sake.