Mas'alar Ɗan Haya da Mai Gida Idan Anka Fasa Mota

Ya ku malamai da almajiran Galadi, da waɗanda sunka zo daga Shinkafi da Zurmi, karatunmu na yau a kan haya ne.

Ku sani, tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 baƙi ke kama ɗaki a garin. Yanzu kuwa ga 'yan'uwanmu da ɓarayin daji sunka kora daga ƙauyukansu, gida guda iyalai barkatai, mai mota da mai babur duk suna kwantar da abin hawansu a tsakar gida. Dare ya yi, ɓarawo shi fasa gilashi, shi cire batir, shi kwashe hajjar da za a kai kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Gari ya waye, ɗan haya shi ce mai gida shi biya, in ya ƙi shi riƙe kuɗin haya. Wannan ita ce mas'alar da ake yawan kawo mini.

Jawabi: haya sayen amfani ne. Mai gida ya sayar maka da zaman ɗaki zuwa ajali sananne, bai karɓi motarka ajiya ba. Saboda haka babu lamuni a kansa, kuɗin hayar kwanakin da ka zauna kuwa bashi ne a wuyanka. Riƙe su saboda laifin ɓarawo zalunci ne. Mai biya shi ne ɓarawon: in an same shi da kayan shi mayar, in sun salwanta a bi shi ƙimarsu. Risala ta keɓe wanda anka yanke wa hannu, shi ana binsa ne in mawadaci ne kaɗai.

Amma da ka yi tafiya ka miƙa wa mai gida mabuɗi, ya karɓa, to ta zama ajiya. Shi amintacce ne, sai in ya hau ta ba da izni ba, ko ya bar ta a waje bayan da wurin shigar da ita. Nan shi lamunta. Haka mai gadi: Muhtasar ya sa shi cikin waɗanda ba su lamuni, muddin bai yi sakaci ba. Wanda ya bar ƙofa ya tafi hira wurin mai shayi ya yi sakaci.

To, ina haƙƙin ɗan haya? A nan mutane ke ruɗewa. Idan ƙyaure ya karye, ko katanga ta zube, mashhurin mazhabarmu shi ne ba a tilasta mai gida gyara. Na san wannan shina da nauyi a kunnen matalauci. Sai dai an ba shi zaɓi: in cutar ta yi yawa shi warware hayar shi tashi, a mayar masa da kuɗin watannin da bai zauna ba. Masu gidan da ke karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya, sa'an nan su ce abin da ya shiga aljihu ba ya fita, su ji wannan da kyau. Amma ɗan gudun hijira shi tashi shi tafi ina? Don haka nake cewa ku tsare kanku tun ranar ƙulla haya. Ya halatta a sa sharaɗi cewa ɗan haya shi gyara ƙofa daga cikin kuɗin hayar da ke kansa. A rubuta, a sa shaidu biyu adilai, a ambaci inda mota za ta kwana, da wanda ke riƙe mabuɗin ƙofa bayan lisha, domin kotunan shari'a da anka kafa a Zamfara bayan shelar Gusau ta 1999 hujja suke nema.

Akwai kuma mai gidan da ke tara kuɗin gadi kowane wata, ba ya ɗaukar kowa. Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna. Wajibi ne shi mayar da abin da ya tara. A ganina alƙali shi duba lamuninsa a kan abin da anka sace, domin da ba don maganarsa ba da mai mota ya kwashe kayansa zuwa ɗaki.

Saura zargin maƙwabci. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya rarrabe ɗakin da kowa ke kullewa da tsakar gidan tarayya wadda duk mazauna ke ratsawa, hukuncin sata daga cikinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya tuhumci abokin hayarsa shi kai ƙara gaban alƙali da shaidu, in babu, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Mai gida ba shi da ikon fitar da wanda ake zargi kafin ajalin hayarsa shi cika.