AMSOSHIN WASIƘUNKU: Tarin Yara A Lokacin Hunturu

Wasiƙun wannan mako kusan bakinsu ɗaya. Wani manomi daga yankin Bichi yana tambaya, me ya sa da zarar hunturu ya kama sai ɗakunan kwantar da yara su cika maƙil a asibitocin birni? Wata baiwar Allah kuma, mai sayar da man gyaɗa a wajen Maraɗi, tana so ta san yadda za ta bambanta mura da tarin da ke kisa. To Malam, to Hajiya, mun gode. Ku gyara zama.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan taso daga Hamada ɗauke da ƙura, ta busar da hanci da maƙogwaro. Sanyi kuma ya sa a taru a ɗaki ɗaya, a rufe taga, a hura gawayi a kasko. Idan mutum ɗaya ya yi mura, kafin kwana uku ta zagaye gida. Hausawa kan ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mura ita ce tsagewar bangon. Daga nan ƙwayoyin cuta su gangara huhu, huhun ya tara ruwa da mugunya, numfashi ya gagara. Wannan shi ne ciwon limoniya, wanda muke kira sanyin haƙarƙari.

Ba ƙaramin ciwo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 740,000. Asusun UNICEF kuma ya ƙiyasta cewa a 2018 yara 162,000 ya kashe a Nijeriya, abin da ya fi na kowace ƙasa a duniya.

Yanzu ga amsarka, Malam. Manyan asibitoci, irin su Asibitin Yara na Hasiya Bayero a Kano, ba 'yan birni kaɗai suke karɓa ba, har da na ƙauyuka masu nisa. Yaron da aka kai ƙaramin asibiti da wuri, galibi ƙwayar amozilin ta kwana 5 za a ba shi ya koma gida. Wanda kuwa aka bari ya galabaita, sai an ba shi gado, da allurai, da iskar oksijin, ya yi kwanaki a kwance. Ga kuma ƙyanda da sanƙarau, su ma da rani suka fi tashi. Ka ga ke nan jinkirinmu a gida yana cikin abin da ke cika gadajen nan.

Ke kuma Hajiya, kada ki dubi ƙarfin tari, numfashi za ki duba. Ki bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba. Ki ɗaga rigarsa, ki sa agogon waya, ki ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cif. Jariri ɗan ƙasa da wata 2, idan ya kai 60, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5, ita ce 40. In ya kai haka, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ba gobe ba, ba sai ranar kasuwa ba.

Akwai kuma alamun da ba a jiran gari ya waye. Idan ƙasan haƙarƙari yana loɓawa ciki lokacin da yaro ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko barci ya yi masa nauyin da ba ya tasuwa, ko leɓensa ya canza launi, to a nemi abin hawa ko da tsakar dare ne.

Amma in mura ce kawai, yana ci yana wasa, numfashi daidai, a riƙe shi a gida. A ci gaba da ba shi nono da ruwan kunu, a share masa hanci, a lulluɓe shi, a riƙa ƙirgawa safe da yamma. Kada a je kemis a yanko kafso biyu, mura ba ta jin kafso. Kada kuma a kira wanzami ya cire beli ko ya yi tsaga a ƙirji. Ciwon yana cikin huhu, aska ba ta kai can.

Rigakafi dai ya fi magani. Tun shekarar 2014 Nijeriya da Nijar suka fara ba jarirai allurar rigakafin limoniya, ana yi a mako na 6, da na 10, da na 14, kuma kyauta ce. Ta ƙyanda a wata 9. Nono zalla har wata 6 garkuwa ne babba. Kasko kuma a fitar da shi waje kafin a kwanta, a nisanta goyo da hayaƙin murhu da na taba.

Daga ƙarshe, ga jan hankali ga magidanta. Allah cikin ikonsa ya sa kaka tana riga hunturu zuwa. In an sayar da wake ko gyaɗa, a ware kuɗin mota da na magani a ajiye. A san mai babur ɗin da za a tasa cikin dare. Sannan maigida ya ba uwargida izini tun yanzu, in ta ga alamun nan ta tafi asibiti ko yana kasuwa, ko ya tafi cin rani. Ku sani kuma damina ma tana da nata tarin, don haka ƙirgen nan na duk shekara ne.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mun ji daga gare ku. Ku huta lafiya.